Manhajojin lissafin ratsawar haske a iska: ina wahalar take, kuma wa zai rage ta?

Ɗalibar Taurari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce na zo da ita, da ɗan ƙorafi a ciki. Aikina gyaran hotunan tauraron ɗan adam ne, wato cire tasirin iska daga abin da na'urar ta gani don a samu ainihin hasken da ƙasa ta mayar sama. Wannan ba ya yiwuwa sai da manhajar da ke lissafa tafiyar haske a cikin iska: nawa iskar gas ta shanye, nawa ƙura da gajimare suka watsar, nawa ya kai ƙasa. Ilimin na karanta shi daidai gwargwado, na san abin da nake nema. Manhajojin ne suka tsaya mini a wuya. Wata sai ka harhaɗa ta da kanka daga Fortran, tsohon harshen rubuta manhaja, kafin ta tashi. Wata kuwa fayil ɗin da ake ba ta jerin lambobi ne tsirara, layi bisa layi, ba sunan komai. Ka tsallake layi ɗaya, lambar da ka sa don kusurwar rana ta koma wani abu daban, manhajar ba za ta ce uffan ba, sai ta ba ka amsa. Me ya sa har yau abin yake haka? In za a gyara, ta ina ya kamata a fara?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Dalilin yana cikin tarihinsu. Yawancin waɗannan manhajoji an haife su ne lokacin da ake ba kwamfuta umarni da katin da aka huda. Ɗakin binciken sojojin saman Amurka ya fara LOWTRAN a shekarun 1970, daga ita MODTRAN ta fito, shi ya sa fayil ɗinta ake ce masa tape5, layukan cikinsa kuma ake kiransu kati na ɗaya, kati na biyu. Rumbun HITRAN, inda ake ajiye layukan shanye haske na kowace iskar gas, ya fara ne a 1973. Manhajar DISORT ta Stamnes da abokan aikinsa ta fito a 1988, 6S ta Vermote da mutanensa a 1997. Waɗanda suka rubuta su masana kimiyyar lissafi ne da ke rubuta wa kansu da ɗalibansu, ba su da niyyar sayar wa kowa komai.

Amma bari in faɗi abin da na san ba za ki so ji ba. Wahalar nan tana da amfaninta. Wanda ya cike kowane layi da hannunsa dole ya tsaya ya tambayi kansa: wane irin yanayin iska na zaɓa, wace irin ƙura, ƙasar tana mayar da haske nawa? Tsorona shi ne ranar da za a mayar da abin danna maɓalli kawai. Ranar za a cika mujallu da lambobi masu kyan gani daga mutanen da ba za su iya faɗa maka dalilin da sama ke shuɗi ba.

Mai Python:
Allah ya gafarta Malam, a nan zan ɗan saɓa maka. Wahala iri biyu ce aka cakuɗa. Akwai wahalar ilimin kansa: me ya sa watsawar Rayleigh, wato wadda ƙwayoyin iskar gas ke yi wa haske, ke ƙaruwa sosai idan zangon haske ya gajarta, yaushe lissafin Mie na hasken da ɓurɓushi irin ƙura ke watsawa ke aiki, yaushe ba ya aiki. Wannan ba mai cire wa mutum ita, kuma bai kamata a cire ba. Sai wahala ta biyu: ƙirga gurabe don lamba ta faɗa a shafi na goma sha ɗaya maimakon na goma, da kokawa da sigar gfortran, mai harhaɗa Fortran, da ta ƙi karɓar lambar da aka rubuta shekara talatin da suka wuce. Ita wannan ba ta koya wa kowa komai game da haske. Lokaci kawai take ci.

Kuma an riga an nuna za a iya raba su. Robin Wilson ya fitar da Py6S, ya buga takardarta a 2013. Bai taɓa lissafin 6S ba ko kaɗan, riga kawai ya sa mata: kana rubuta sunan abin da kake so da harshen Python, ita ta haɗa fayil ɗin lambobin, ta kira 6S, ta karanto maka amsa. Mai son teburin gyara hoto na yanayi dubu sai ya rubuta zagaye ɗaya ya tafi harkarsa. MODTRAN ta shida tana karɓar fayil ɗin JSON mai sunaye a maimakon katunan. ARTS ta jami'o'in Hambug da Chalmers tana da tata rigar, pyarts. HITRAN tana da HAPI. libRadtran kuwa tun farko da kalmomi ake ba babbar manhajarta uvspec umarni: sza 30 (kusurwar rana), albedo 0.2 (kashin hasken da ƙasa ke mayarwa), kowa ya gani ya gane.

Tsohon Malami:
Ɗana, ban ce a bar mutane suna ƙirga gurabe don lada ba. Cewa na yi rigar tana rufe jikin. Wanda ya saba da rigar bai san abin da ke ƙarƙashinta ba.

Mai Auna Ƙura:
Ku yi haƙuri in shigo tsakani, don ina ganin ku biyun kun zagaye inda ciwon yake. Ni abin da ke tayar mini da hankali ba wahala ba ce, ba kuma sauƙi ba ne. Zaɓin da manhaja ke yi a madadinka ne ba tare da ta gaya maka ba.

Ga misali. Kusan duk manhajojin nan suna zuwa da tsarin iska shida na AFGL, ɗakin binciken sojojin saman Amurka, na 1986: na yankin zafi, na tsakiyar duniya rani da hunturu, na kusa da ƙanƙarar arewa rani da hunturu, sai na ma'aunin Amurka na 1976. A cikinsu iskar kabon dayoksaid kashi 330 ce cikin miliyan. Yau ta haura 420. In aikinka a hasken da ido ke gani yake, bambancin ba zai dame ka ba. In kuwa kana lissafin zafin da duniya ke fitarwa a kusa da maikromita 15, ka yi lissafin iskar da ta wuce tun kafin a haifi yawancinmu. A libRadtran, in ba ka ambaci albedo ba, sifili ne, wato ƙasa baƙa ƙirin da ba ta mayar da komai. In ba ka nemi ƙura ba, iskarka tas take, babu ɓurɓushi ko ɗaya. Duk wannan a rubuce yake cikin littafin jagora, ba wanda ya ɓoye. Amma tsakani da Allah, mutum nawa ke karanta jagora daga bango zuwa bango kafin ya fara?

To Yaya Mai Python, rigar da kake yabo tana ƙara wannan. A Py6S kana iya kiran manhajar ba tare da ka saita komai ba, ta ba ka amsa cikakkiya, saboda kowane gurbi yana da zaɓin asali. Don koyo wannan yana da daɗi. Don bincike kuwa tarko ne. Shi ma Baba, fayil ɗin lambobin da yake karewa bai tsira ba, don abin da ɗalibai ke yi shi ne su kwafi fayil ɗin wanda ya riga su, su canza lamba biyu, sauran su gada ba su san mene ne ba.

Abin da nake so a ce kowace manhaja na yi shi ne, a ƙarshen kowane lissafi ta fitar da shafi ɗaya cikin harshen mutane: ga abin da ka faɗa mini, ga abin da ba ka faɗa ba na zaɓa maka. Jerin na biyu shi ne mai muhimmanci.

Tsohon Malami:
Maganar kwafar fayil gaskiya ce, Malama. Na ga fayil da ya bi hannun ɗalibai zuriya bayan zuriya da ranar shekara ɗaya a ciki, alhali nisan duniya da rana yana canza hasken da ke isowa da kusan kashi 7 cikin 100 tsakanin Janairu da Yuli.

Ɗalibar Taurari:
Anti Mai Auna Ƙura, wannan shafin da kika ce, ai wasu suna fitar da dogon rahoto idan aka nema. Matsalar shi ne layi ɗaruruwa ne, ban san wanne zan duba ba.

Mai Auna Ƙura:
Shi ya sa na ce shafi ɗaya, ƙanwata. Rahoton da kike nufi an yi shi ne don mai gyaran manhajar ya gano inda ta lalace. Ba a yi shi don mai bincike ba.

Injiniyan Hasashe:
Na bi muhawarar tun daga farko. Ina so in tuna mana cewa kalmar "mai bincike" ta tara mutane da bukatunsu ba su haɗu ba ko kaɗan. Mu da ke ɓangaren hasashen yanayi, na'urorin taurarin ɗan adam suna turo mana ma'aunai miliyoyi a kowace rana, kuma kowane ɗaya sai an kwatanta shi da abin da samfurinmu ya ce ya kamata a gani. Ba za mu iya bin layi-layi, wato lissafa kowane layin shanye haske shi kaɗai, kamar manhajar LBLRTM ba, gari zai waye ba a gama ba. Don haka ake amfani da RTTOV a Turai, CRTM a Amurka. Su an horar da su ne a kan amsoshin manhajar layi-layi, aka matse sakamakon cikin ƙananan lambobi na kowace tashar na'ura. Haka a cikin samfuran sauyin yanayi: RRTMG tana rage dubban ɗaruruwan layuka zuwa maki 140 a ɓangaren zafi da 112 a ɓangaren hasken rana. A wurinmu sauƙi yana nufin in iya kiran manhajar daga cikin tawa Fortran ba tare da ta rubuta fayil ko ɗaya ba, kuma ta ba ni yadda amsar ke canzawa idan na ɗan taɓa zafin kowane hawa na iska. Allo mai maɓallai ba shi da amfani a gare ni.

Amma akwai abu ɗaya da RTTOV ke yi wanda ya dace da maganar Malama. Tunda an horar da ita a kan wasu iyakoki na zafi da tururin ruwa da ozon, idan ka ba ta iskar da ta fita daga iyakokin tana iya gargaɗinka. Ta san inda iliminta ya ƙare. Da sauran za su ɗauki wannan ɗabi'a, da an rage ɓarna mai yawa.

Mai Python:
Wannan shi ne daidai abin da nake nufi da cewa sauƙi ba ado ba ne. Ga gargaɗi uku da ba za su ci wa mai manhaja komai ba. Na ɗaya, mutum ya sa rana a digiri 85 daga tsakiyar sama kuma ya zaɓi lissafin da ke ɗaukar iska a shimfiɗe take kamar faranti. A wannan kusurwa lanƙwasar duniya ta fara magana, ya kamata a ce masa ya koma lissafin da ke lura da ita. Na biyu, ya sa gajimaren da ke tura yawancin haske gaba, sannan ya ba DISORT kwatance huɗu kacal da za ta raba hasken a kansu yana neman hasken da ke fitowa ta kusurwa guda. Gyaran delta-M na Wiscombe na 1977 yana ceto jimillar haske, amma ba ya mayar da kwatance huɗu su zama talatin da biyu. Na uku, ya nemi zangon da ya fita daga inda bayanan da aka loda suka kai. Wasu manhajojin sukan tsaya, wasu su miƙa lambar ƙarshe su ci gaba shiru.

Mai Auna Ƙura:
Ƙara na huɗu. Ya zaɓi ƙurar hamada amma lissafin ya ɗauke ta ƙwallo-ƙwallo ce saboda Mie ake amfani da shi, wanda tun 1908 don abu mai zagaye aka yi shi. Ƙurar Sahara ba zagayayya ba ce, kuma bambancin yana fitowa fili a hasken da ke watsuwa gefe da baya, daidai inda tauraro ke kallo. Shi ya sa cibiyar AERONET ta NASA mai auna ƙura daga ƙasa ta shigar da siffar ƙwai cikin lissafinta na gano halin ƙura. Mai amfani da manhaja ya cancanci a gaya masa wace siffa aka ɗauka.

Baƙon Zaure:
Salamu alaikum manya. Ni injiniyan wutar hasken rana ne, ba na cikin wannan fanni. Abin da nake so kawai shi ne in san yadda launukan hasken da ke faɗa wa faranti ke canzawa idan akwai ƙura ko tururi da yawa. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kaina ya ƙara ɗaurewa. Wacce zan ɗauka?

Injiniyan Hasashe:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duba SMARTS ta Christian Gueymard. Don masu irin aikinka aka yi ta, kuma da ita aka fitar da ma'aunin ASTM G173 da ake gwada farantan hasken rana da shi. Sararin da ba gajimare take lissafawa. In kana bukatar gajimare, sai SBDART ko libRadtran.

Mai Python:
Kun ga wannan tambayar ta Baƙo? Ita ma ɓangare ce na matsalar. Manhajojin sun fi ashirin, kowacce shafinta yana lissafa abin da take iyawa, ba wacce ke cewa a fili "in aikinka kaza ne, ba ni kake nema ba, je wurin wance". Mutum sai ya ɓata makonni yana saka LBLRTM, yana haɗa fayil ɗin layukanta TAPE3 da manhajar LNFL, alhali abin da yake nema SMARTS za ta ba shi kafin ya tashi daga kujera.

Baƙon Zaure:
Na gode ƙwarai. Na tafi in gwada.

Ɗalibar Taurari:
Tunda ana maganar abin da ke faruwa shiru, ina so a taɓa batun ma'auni. Ni nan ne na fi jin tsoro.

Tsohon Malami:
Kin taɓo inda ya fi yi mini ƙaiƙayi, 'yata, don haka ku yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta.

Fannin nan ya taso ne daga gidaje daban-daban, kowane gida da al'adar ƙidayarsa. Masu hasken rana suna ƙirga tsawon zango da nanomita ko maikromita. Masu zafin da duniya ke fitarwa suna ƙirga yawan zango a santimita ɗaya. Masu maikrowef suna ƙirga gigahaz. Juya wurin ba wuya: ka raba 10,000 da maikromita, sai 15 ta zama kusan 667. Inda ake faɗawa rami shi ne ƙarfin hasken. Hasken da aka auna a kowane yanki na santimita ba ya komawa na kowane maikromita ta hanyar canza rubutun ƙasan zane kawai, sai an ninka shi da yadda faɗin yankin ke canzawa. Wanda ya manta wannan zai ga ƙololuwar zanensa ta koma wani wuri, ya zaci ya gano sabon abu.

Sai ozon. Taswirar taurarin ɗan adam tana ba ka shi da ma'aunin Dobson, kusan 300. 6S tana son sa da santimita na iska, wato 0.3. Ka zuba 300 a gurbin, ka lulluɓe duniya da ozon ninki dubu. Sai tururin ruwa: wani gram a kilogram, wani kashi cikin miliyan, kuma shi ma kashin sai ka tambaya na busasshiyar iska ne ko mai danshi. Sai jerin hawa: wata manhaja daga sama take farawa ta sauko, wata daga ƙasa ta hau. Sai jihar rana: yawancinmu daga arewa muke ƙirgawa, amma a libRadtran sifili na nufin rana tana kudu, 90 tana yamma. Sai mafi siriri duka, tsawon zango a cikin iska da tsawonsa a inda ba iska. HITRAN na inda ba iska take bayarwa, na'urori da yawa a iska aka daidaita su. Bambancin a layukan oksijin na nanomita 760 kusan nanomita 0.2 ne. A ido ba komai ba ne, amma layukan can sun fi haka sirantaka, sai ka ga lissafi da ma'auni sun ƙi haɗuwa ka rasa dalili.

A nan kam na yarda da Mai Python ɗari bisa ɗari. Babu wani ilimi da ake samu daga zuba 300 inda ake son 0.3. Manhajar da ta karɓi lamba ba tare da ma'auninta ba, sakaci ne.

Mai Python:
Alhamdu lillahi, yau Malam ya ba ni gaskiya, zan ajiye wannan saƙon. Kuma kayan gyaran suna nan. A Python akwai pint da ma'aunan astropy da ke ɗaura wa kowace lamba ma'auninta, in ka haɗa waɗanda ba su dace ba su ƙi. Eradiate, wadda aka gina a kan manhajar zana hoto ta Mitsuba don lissafi mai fuska uku, da haka take aiki. A ɓangaren fitarwa kuma, fayil na NetCDF bisa ƙa'idar CF yana ɗauke da suna da ma'aunin kowane shafi a jikinsa. Ba sai ka buɗe jagora ka ƙirga cewa shafi na biyar shi ne hasken da ya watsu ƙasa ba.

Tsohon Malami:
Kar ka yi saurin murna. A batun ma'auni na yarda, a batun maɓalli ina nan inda nake.

Injiniyan Hasashe:
Ranka ya daɗe, a batun maɓalli ma ina ga ba ku yi nisa da juna ba. Allo mai maɓallai yana da wurinsa, wurin kuwa aji ne. Shafin MODTRAN da David Archer ya sa a intanet a Jami'ar Chicago, ɗalibi yana ninka kabon dayoksaid ya ga ramin maikromita 15 ya ƙara faɗi a gabansa, ya gane a minti biyu abin da allo da alli ba su iya sa masa a kai ba. Amma don bincike, aibin maɓalli shi ne ba ya barin sawu. Bayan wata shida mai duba takarda ya ce a sake lissafin da wata ƙura, ba ka tuna abin da ka danna ba. Rubutaccen umarni kuwa yana nan, ana iya aika wa wani, ana iya ajiye shi a rumbun intanet na Zenodo da lambarsa. In za a yi allo, to ya riƙa fitar da rubutaccen umarnin da ya yi daidai da abin da aka danna.

Mai Auna Ƙura:
Kuma umarnin shi kaɗai bai isa ba. Sai da sigar manhajar, da bugun HITRAN da aka yi amfani da shi, 2012 ne ko 2016 ko 2020, da sigar MT_CKD ta shanyewar tururin ruwa tsakanin layuka, da wane hasken rana aka ɗauka a saman iska. Tsofaffin fayiloli suna kan wat 1366 ko 1367 a murabba'in mita, ma'aunin yanzu kusan 1361 ne. Sau nawa kuka karanta takarda ta ce "mun yi amfani da manhaja kaza" ta tsaya nan? Wannan jimlar ba ta ba kowa damar maimaita komai. Da manhajar za ta rubuta duk waɗannan a kan kowane fayil da ta fitar, da marubuci ko ya yi kasala bayanin yana nan.

Ɗalibar Taurari:
To ni tambayata, duk waɗannan gyare-gyare wa zai yi su? Na ga wasu manhajojin mutum biyu ko uku ne ke riƙe da su.

Mai Python:
Nan ne maganar ke ɗaci, ƙanwata. Masu ba da kuɗin bincike suna biyan sabon ilimi, ba sa son biyan wanda zai zauna ya gyara jagora ko ya rubuta saƙon kuskure mai ma'ana. Wanda ya ƙara sabuwar hanyar lissafi yana samun takarda da ƙarin girma. Wanda ya sa manhajar ta shiga rumbun manhajoji na conda-forge har ta sauka da umarni ɗaya a kowace kwamfuta, godiya kawai yake samu, in ma ya samu. An ɗan fara gyarawa, tun 2016 akwai mujallar JOSS da ke buga takardu a kan manhajar bincike ita kanta, amma tafiyar da sauranta. Mafi ƙarancin abin da ya hau kanmu shi ne mu ambaci rigar a takardunmu kamar yadda muke ambaton manhajar da ke ciki, kuma idan jagora ta ruɗa mu, mu rubuta musu daidai jimlar da ta ruɗa mu. Sabon shiga ya fi kowa ganin gurbin da ke cikin jagora, don mai manhajar ya daɗe da daina ganinsa.

Injiniyan Hasashe:
A ƙara da batun lasisi. libRadtran da ARTS a buɗe suke, kowa ya ɗauka. RTTOV kyauta ce amma sai ka yi rajista. MODTRAN saye ake yi. Wannan yana shafar sauƙi kai tsaye, don manhajar da ba a yarda a sake rarraba ta ba, ba mai iya naɗe ta cikin Docker, ƙunshin manhaja da duk kayan aikinta, ya miƙa wa abokin aikinsa. Sannan fayilolin bayanai na gajimare da layukan gas sukan yi nauyi, kuma ba kowane mai bincike ne ke zaune kan intanet mai ƙarfi ba. A bar mutum ya sauke iya ɓangaren zangon da yake bukata.

Wani Mai Karatu:
Ban ga wanda ya ambaci basirar na'ura ba. Yanzu ai ana horar da ita ta kwaikwayi waɗannan lissafe-lissafe cikin ƙiftawar ido. Ba shi ke nan an huta ba?

Tsohon Malami:
An huta da jira, ba a huta da komai ba bayan wannan. Abin da aka horar a kan amsoshin wata manhaja ya gaji duk zaɓin da aka yi wa waccan manhajar, ya kuma binne su inda ba mai iya tonowa. Ka ba shi iskar da bai taɓa gani ba, zai ba ka lamba da fara'a.

Injiniyan Hasashe:
Gaskiya ne, sai dai a yi adalci, RTTOV ma horarriya ce, kuma shekaru ana dogaro da ita. Bambancin shi ne an rubuta iyakarta, ana kuma gwada ta da lissafin layi-layi a kai a kai. In mai kwaikwayon ya zo da waɗannan biyun, ba ni da ja.

Mai Auna Ƙura:
Gwajin nan da ka ambata shi ne abu na ƙarshe da nake so in ƙara. An yi gwaje-gwajen kwatanta manhajoji da yawa: ICRCCM tun shekarun 1980, I3RC don gajimare mai fuska uku, RAMI don ciyayi, CIRC da ta dogara da ma'aunai na gaske. Amsoshinsu suna nan. Me zai hana kowace manhaja ta zo da guda biyar daga ciki a shirye, da amsar da ya kamata a samu? Ka gama sakawa, ka buga umarni ɗaya, ta ce maka lissafinka ya dace ko bai dace ba. Sabon shiga ya samu misalai na gaske da zai fara daga kansu, kuma ya tabbata harhaɗawar da ya yi ba ta ɓata komai ba.

Mai Python:
Ni da zan tsara, da zan wuce gargaɗi. Abubuwa huɗu ba su da zaɓin asali sam: albedo, ƙura, tsarin iska, da ranar shekara. Ba ka faɗa ba, manhajar ta ƙi tashi.

Injiniyan Hasashe:
A'a, nan kam ka wuce gona da iri. A tsakiyar hasashen dare, manhaja ta tsaya saboda gurbi ɗaya cikin miliyan ba shi da albedo? Ko gargaɗin ma, in za ta buga shi a kan kowane ma'auni, fayil ɗin rahoto zai fi na sakamako girma, kuma abin da kowa zai yi shi ne ya kashe gargaɗin gaba ɗaya. A yi yanayi biyu: mai tsanani ga mai lissafi ɗaya-ɗaya, mai sassauci ga mai miliyoyi, shi kuma a tara masa gargaɗin a ƙarshe a ce iri kaza ya faru sau kaza.

Mai Python:
Na yarda da yanayi biyu, da sharaɗin mai tsananin ne ke kunne idan an saka manhajar, mai son sassauci ya nema da bakinsa. Zan gwada rubuta wannan a kan 6S tukuna tunda gurabenta ba su da yawa. Malama Mai Auna Ƙura, in na tura miki jerin guraben, za ki yi mini alama a kan waɗanda kike ganin bai kamata a zaɓa wa kowa ba?

Mai Auna Ƙura:
Turo. Amma ka sa tsayin wurin daga teku a cikin jerin, ba ka ambace shi ba, kuma watsawar Rayleigh a kan tsauni mai mita 2,000 ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar.